Kafin a Ɗaga Mota, a Kai Ta Sikeli

Yarona, ka tambaye ni me ya sa ban bari mun fara da ɗaga Land Cruiser ɗin nan da sa mata manyan tayoyi ba, alhali su mai ita ya fara lissafawa da ya ce a shirya masa ita don doguwar tafiyar daji da sahara. Tambayar ta yi kyau, kuma na ji daɗi da ka yi ta. Abin da ya hana ni shi ne har yanzu ba mu san nauyin da motar za ta ɗauka ba, kuma duk sifirin, wato ƙarfen da ke tallafe nauyin mota a kan ƙafafunta, da aka saya kafin a san nauyi, cinta aka yi kawai.

Je ka buɗe ƙofar direba ka duba jikin ginshiƙin, ko ka ɗaga bonet ka duba. Za ka ga wani ɗan faranti ko takarda da kamfani ya manna. A kai an rubuta iyakar nauyin da motar za ta kai da komai nata, da ita da mutane da mai da kaya, sannan an rubuta iyakar aksul ɗin gaba da ta aksul ɗin baya daban daban, wato ƙarafan da tayoyi ke ɗaure a jikinsu. Wannan lamba ita ce mafarin aikinmu. A ce farantin ya nuna kilo 3,200, kuma da muka hau sikeli motar ba kowa a ciki ta ba da 2,400. To kilo 800 ke nan muke da shi, kuma daga cikinsa za a cire duk abin da za mu ɗaura mata.

Yi lissafin tare da ni. Mutum biyu, a ce 160. Bambar ƙarfe ta gaba 60, winci, wato injin igiya mai jawo mota in ta maƙale, 35. Bambar baya da safaya ta biyu a rataye, 90. Batir na biyu 25, firij da abin da ke cikinsa 40. Kariya, wato ƙarfen ɗora kaya a rufin mota, da tantin sama 90. Ƙarin man gas lita 100, wannan kusan kilo 84 ne, domin litar gas ba ta kai kilo ɗaya ba. Ruwa kuwa lita ɗaya kilo ɗaya ne cur, lita 60 kilo 60. Durowoyin baya 70, sifanu da kayan gyara 50. Tara su ka gani: 764. Saura kilo 36, kuma mutumin bai saka ko jakar tufafinsa ba tukuna. Da yawa daga motocin da ake yi wa wannan ado suna wuce iyakarsu tun kafin su bar gida, masu su ba su sani ba. Sai can cikin daji shasi ya tsage, ko boris ɗin baya ya ƙone, a ce wai motar ce ba ta da ƙarko.

Kuma ka riƙe wannan da kyau, don za a yi maka gardama a kai: sifirin mai ƙarfi ba ya ƙara wa mota iyakar nauyi. Yana hana bayanta zama ƙasa, shi ke nan. Birkin nan shi ne dai na da, aksul da boris da shasi duk ba su canja ba. Motar za ta tsaya ƙyam a ido, amma ranar da aka taka birki a gangara da lodi za a gane bambanci.

Bayan yawan nauyi sai inda aka ajiye shi. Mai nauyi ya zauna ƙasa, kuma tsakanin tayoyin gaba da na baya. Duk abin da aka rataya a bayan aksul ɗin baya yana danna shi fiye da nauyinsa na gaskiya, yana kuma sauƙaƙa gaba, sai sitiyari ya riƙa yawo a hannu. Rufi ya fi komai haɗari. Littafin mota yana faɗin abin da rufin zai ɗauka tana tafiya, a motoci da yawa bai wuce kilo 100 ba, kuma nauyin kariyar kanta yana ciki. Jarka biyar ta ƙarfe mai lita 20 cike da gas ta riga ta cinye wannan. Mutum ya jera su a sama, ya ƙara tanti, sannan ya ɗaga motar, ya ratsa gefen tudun yashi a karkace: abin da ke kifar da mota ke nan. In ana son ƙarin mai, tanki na biyu a ƙarƙashi ya fi, ko a ɗaure jarkokin gas a ƙasan bodi da ɗauri mai kyau. Fetur kam ba a kwana da shi cikin mota saboda tururinsa.

Don haka ga yadda nake bi. Kafin a sayi ko noti ɗaya na ado, sai motar ta zama lafiyayya. A wanke lagireto, a matsa kowane tiyo da hannu, wanda ya yi laushi ko ya bushe ya tafi. Fambel, famfon ruwa, boris na ƙafa huɗu, kuros na farfela, birki, kuloci, man giya da na aksul. A shiga giyar taimako, wato mai ƙara wa mota ƙarfin ja a yashi da taɓo, a fita a tabbatar tana kamawa, domin akwai motar da ta yi shekaru a gari ba a taɓa sa ta ba. Wannan aikin ba ya ɗaukar ido, mai mota ba zai ga inda kuɗinsa suka shiga ba, amma yawancin motocin da ke kwana a hanya irin waɗannan ƙananan abubuwa ne ke kwantar da su. Ka kula da mai kuma. Tsohon injin 1HZ mai lita 4.2 da Toyota ta fito da shi a 1990 yana haƙuri da gurɓataccen gas. Injinan zamani masu kwamfuta, waɗanda ke tura mai da matsi mai tsanani, ɗan ruwa kaɗan ya isa ya lalata musu nozul da famfo. Irin waɗannan sai an ƙara musu filta mai raba ruwa kafin ta kamfani.

Sai taya. A nan nake so ka sunkuya ka leƙa ƙarƙashin motar. Me ya fi kusa da ƙasa? Ƙoƙon aksul. Ko ka ɗaga bodi ya kai ina, ƙoƙon nan yana inda yake, domin a kan taya yake zaune, ba a kan sifirin ba. Taya ce kaɗai ke ɗaga shi, kuma rabin abin da ka ƙara kake samu: daga mai inci 31 zuwa mai inci 33, inci ɗaya tak ka ci. A madadinsa giya ta yi tsawo da kusan kashi 6 cikin 100, motar ta rage ƙarfin tashi da lodi, agogon gudu ya riƙa nuna ƙasa da gaskiya, birki da kuloci su ƙara wahala, shan mai ya ƙaru. Ga kuma babbar matsala: in taya ta fashe a wani ƙaramin gari mai nisa, wace za a samu? Shi ya sa nake zaɓar girman da ake samu ko'ina, kamar 7.50R16 ko 265/75R16, mai alamar LT a jiki, wato mai kaurin gefe da aka yi don lodi. Mai matsakaicin zane ta fi mai manyan haƙora, sai dai in tafiyar duk taɓo ce. A yashi manyan haƙora tona rami suke yi.

Abin da ya fi girman taya amfani shi ne iskar da ke cikinta. Motar da ta nutse a yashi da iska 35 a geji, sau da yawa in aka sauke zuwa 18 sai ta fita da kanta, saboda tafin tayar ya ƙara tsawo a ƙasa. Amma da iska kaɗan ba a gudu, ba a karya kwana da ƙarfi, don taya na iya zamewa daga rim. Da an dawo kwalta a mayar da iska, in ba haka ba gefen zai yi zafi ya fashe. Saboda haka famfon iska mai kyau, da geji, da kayan faci, da shebur mai dogon ƙota, da tsanin yashi guda biyu da ake shimfiɗa wa taya ta hau, suna gaba da winci a wurina. Winci yana bukatar abin da za a ɗaura masa igiya, kuma a sahara ba ko'ina ake samun itace ba. In mai motar ya dage, a sa wanda ƙarfinsa ya kai nauyin motar da lodi sau ɗaya da rabi, a ja masa waya mai kauri, domin yana iya zuƙar amfiya 400 in ya ɗauki nauyi. Bambar da za ta riƙe shi kada ta toshe wa lagireto iska, kuma in motar tana da jakar iska ta kariya, sai bambar da aka ƙera don ta dace da ita.

Abu ɗaya a nan ba na sassauci a kai, domin rai ne. Ba a fizgo motar da ta maƙale da ƙwallon jan tirela, ba a kuma yi da ƙananan zobban da kamfani ya sa don ɗaure mota a kan jirgin ruwa ko babbar mota. Suna karyewa, igiya ta harbo ƙarfen cikin gilashi, kuma mutane sun mutu ta haka. Wurin ɗaura igiya sai wanda aka yi don haka, a ɗaure shi a shasi da kusoshi masu ƙarfi. Kada ka yarda a yi masa walda a tsaitsaye.

Wuta kuma, ka'idarta gajeriya ce. Duk wayar da ta fito daga batir, fiyus ɗinta ya zauna dab da kan batirin. Duk inda waya ta ratsa ƙarfe a sa mata roba, don gargada tana goge fatar waya a hankali har ta taɓa bodi. Batir na biyu na firij da fitilu ne, a raba shi da na tayar da inji ta yadda ko ya ƙare ƙaf motar za ta tashi da safe.

Bututun shaƙar iska da ake kaiwa saman gilashi yana da amfani ga ƙura da ruwa, amma mutane suna mantawa da ƙananan hancin numfashi na aksul da giya. Aksul mai zafi in ya shiga ruwan sanyi iskar cikinsa tana tsukewa, sai ya zuƙo ruwa. Ka kwance kusar magudana bayan haka za ka ga man ya koma fari kamar madara. Ɗan siririn tiyo da aka ja daga can zuwa saman ɗakin inji ya magance wannan.

Sai an gama duk wannan, an cika tanki, an loda ruwa da kaya kamar ranar tafiya, sannan mu koma sikeli. A auna gaba daban, baya daban. Da waɗannan lambobi biyu za mu zaɓi sifirin. Ɗagawar inci biyu, wato milimita 50, ta isa. In aka wuce haka sai sitiyari ya daina komawa tsakiya da kansa, tiyon birki ya miƙe, farfela ta fara rawa. A motocin da kowace tayar gaba ke motsi ita kaɗai, kamar Hilux ta zamani, shaft ɗin gaba yana karkacewa fiye da kima, robarsa ta yage, giris ya fita, ƙasa ta shiga. Shokazoba kuwa a sayi mai kyau mai ɗaukar mai da yawa. Hanyar gargada tana dafa man da ke ciki, in ka taɓa ta bayan awa ɗaya ba za ka iya riƙewa ba, kuma da man ya yi kumfa ta daina aiki, motar ta dinga tsalle.

Gobe da safe ka ɗauki takarda ka zauna da mai motar. Ka tambaye shi mutum nawa za su tafi, tazarar da ta fi tsawo tsakanin gidan mai da gidan mai, kwana nawa za su yi ba ruwa, da irin ƙasar da za su ratsa. Ka rubuta kowane kaya da nauyinsa a gefe, ka tara a gabansa ya gani da idonsa. In ya wuce lambar faranti, shi zai zaɓi abin da za a bari, ni kuma zan ba shi shawarar ya fara da bambar baya da tantin sama. Ka kuma gaya masa in mun gama zai yi gajeriyar tafiyar gwaji da cikakken lodi a hanyar burji, ya dawo mana da ita mu sake bin kowace kusa da sifana, musamman masu riƙe sifirin a kan aksul, domin sababbi sukan saki bayan sun zauna.