Tsohuwar Canon 5D da kyamarorin yanzu

Malam, ka tambaya ko Canon 5D ɗinka ta 2005 za ta iya gogawa da sababbi. Da rana kam, tsaf! Megafiksel 12.8 ɗinta, wato yawan ƙananan ɗigon da ke haɗa hoto, sun isa a buga babban hoto, launin fata kuma yana fitowa da kyau. Duhu ne ke tona mata asiri: ISO ɗinta, wato ma'aunin ƙarfin kama haske, iyakarsa 1600 ne, in ka ja shi zuwa 3200 sai hoton ya yi ɗige-ɗige kamar an watsa yashi. Sababbin kyamarori marasa madubi a ciki suna saita kansu a kan idon yaro ko yana gudu, ita kuwa sai ka yi ta bin sa. Bidiyo ma babu, sai a 5D Mark II da ta gaje ta a 2008. In hoton mutum a zaune kake ɗauka, ni dai da kuɗin sabuwar kyamarar, gilashin gaba (lens) mai kyau zan saya.