Amsar Gwaggo kan wankan jego

'Yata, na ji saƙonki. Kin ce wata a TikTok ta ce wankan jego jahilci ne, wata kuma ta ce wadda ba ta yi shi ba jikinta ba zai koma daidai ba, kina tambaya wacce za ki bi. Ni dai na fi son in ji a cikinsu wa ta taɓa tashi da asuba a sanyin Jos ta hura wutar ruwan mai jego.

Kakarki, Allah ya jiƙanta, ita ta koya min a gidanmu na Gangare. Ba ta taɓa cewa "ruwa ya tafasa, zuba" ba. Sai ta sirka, ta tsoma gwiwar hannunta, sannan ta ɗauki ganyen darbejiya. Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne kafin wanka takan danna babban yatsanta a ƙafar mai jego. In gurbin yatsan ya zauna bai ciko ba, ranar babu kunun kanwa, ko uwar miji ta ɓata rai. Da dare kuma takan kasa kunne: mace ta kwanta tana haki, sai ta tashi zaune kafin ta samu numfashi? To, asibiti, ba jiran gari ya waye.

Daga baya na ji dalili. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura ciwon zuciya yana yawan kama masu jego, suka danganta shi da kanwa mai yawa da zafin da ya wuce kima, har da kwanciya kan gadon ƙasa da wuta a ƙasansa. Kanwa gishiri ce, tana tara ruwa a jiki. Tsohuwa ba ta karanta wannan ba, amma yatsanta ya sani.

Don haka ki yi wankanki da ruwa mai ɗumi, ki sha farfesu, ki huta kwana arba'in ɗin nan. Kanwa kuwa ki bar ta, musamman da kika ce jininki ya hau a wata na takwas. In tiyata aka yi miki, ba mai fyaɗa miki ganye a ciki sai likita ya ga ɗinkin.

Zan taho Abuja da zarar kin sauka lafiya. Ki sa mijinki ya nemo babbar tukunya, waccan ta kicin ɗinki ko wankan jariri ba za ta yi ba. Yajin jego na riga na daka.