Bayan Annabi Sulaimanu, wa ya hau gadon?

Tambaya: Assalamu alaikum, Baba Malam. Ni tela ne a unguwar Mokoyo, nan Maradi. A tafsirin azumi mun ji labarin Ɗalutu da Annabi Dawuda da Annabi Sulaimanu (AS), daga nan kuma ba a ƙara cewa komai ba. Maƙwabcin shagona Kirista ne, ya ce mini a hannun ɗan Sulaimanu ƙasar ta rabu gida biyu. Haka ne? Kuma a wurinsu babban ɗa ne ke gadon sarauta?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya sa albarka a sana'a. Maƙwabcinka gaskiya ya faɗa maka. Alƙur'ani ya kai mu ga rasuwar Annabi Sulaimanu a Suratu Saba, yana dogare da sandarsa har gara ta cinye ta. Abin da ya biyo baya yana cikin littattafan Bani Isra'ila, wato na Sama'ila da na Sarakuna da ke cikin Baibul. Daga can zan ɗebo maka, da sunayen yadda suka zo.

Batun babban ɗa, mutane kan sa ran haka, amma ba ƙa'ida ba ce tsayayya. Mu nan mun gaji Ƙaura da Galadima da Ƴandaka da Durbi, idan sarki ya rasu an san masu zama su zaɓi wani. Su ba su da irin wannan majalisa tabbatacciya. Abu uku ke ɗora mutum: annabi ya shafe shi da mai, sojoji su tsaya masa, dattawan kabilu su yi mubaya'a. In ɗaya ya kuskure, sai jini.

Ɗalutu, wanda suke kira Saul, ɗan kabilar Biliyaminu ne. Da ya faɗi a yaƙin dutsen Gilbowa tare da ƴaƴansa uku, sarkin yaƙinsa Abner ya naɗa ɗansa Ishboshet, mutanen kabilar Yahuza da ke kudu kuwa suka naɗa Dawuda a garin Hebron. Shekara bakwai da rabi Dawuda ya yi a can kafin sauran kabilu su bi shi, ya koma Urushalima ya ƙara shekara 33. Ka ga ke nan arewa da kudu sun taɓa zama dabam tun kafin a haifi Sulaimanu.

Shi ma Sulaimanu ba shi ne babba ba. Da Dawuda ya tsufa yana kwance, yayan Sulaimanu mai suna Adonija ya yanka shanu da tumaki, ya gayyato sarkin yaƙi Yowab da ƴaƴan sarki, ana ta yi masa ranka ya daɗe. Annabi Natan da mahaifiyar Sulaimanu suka shiga suka sanar da Dawuda. Nan take ya sa aka ɗora Sulaimanu a kan alfadararsa ta kansa, aka gangara da shi maɓuɓɓugar Gihon, Zadok firist, wato limaminsu, ya shafe shi da mai, aka busa ƙaho. Baƙin Adonija na gama cin abinci suka jiyo hayaniyar gari, kowa ya kama gabansa.

Inda nake so ka tsaya ka duba da kyau shi ne abin da ya faru a garin Shekem bayan rasuwar Sulaimanu, wajen shekara ta 930 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Gine-ginen zamanin Sulaimanu sun ci ƙarfin talakawa. An ɗebi mutum 30,000, ana tura dubu goma Labanan kowane wata, wata ɗaya a can, biyu a gida. Da ɗansa Rehobowam ya zo karɓar mubaya'a, kabilun arewa ba su ce ba sa son sa ba. Sassauci kaɗai suka roƙa. Ya ce su dawo bayan kwana uku. Dattawan da suka yi wa mahaifinsa hidima suka ce ya yi musu magana mai daɗi, za su bi shi har abada. Abokan tasowarsa suka zuga shi, sai ya fito ya ce mahaifinsa da bulala ya hore su, shi da kunamu zai hore su. Wannan wuri yana ɓata mini rai duk sa'ad da na karanta shi, domin mutumin ba yaro ba ne, shekararsa 41. Bai ma tsaya nan ba, ya tura musu Adoram, shugaban aikin tilas ɗin da suke kuka da shi. Suka jefe shi har lahira, sarki ya haye karusa ya gudu Urushalima. Kabila goma suka naɗa Yerobowam, wani tsohon ma'aikacin Sulaimanu.

Daga nan arewa, wadda ta riƙe sunan Isra'ila, ba ta zauna a gida ɗaya ba. Sarakuna 19 ta yi, da yawansu kashe na gabansu suka yi suka hau. Zimri kwana bakwai ya yi, ya ƙone fada a kansa. Omri ya gina birnin Samariya, wani hafsan yaƙi mai suna Yehu ya karkashe zuriyarsa ya hau. Shi Yehu har a wani baƙin dutse na sarkin Assuriya Shalmanesar na uku an ambace shi yana kai gaisuwa, dutsen yana gidan tarihi a Landan. A 722 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) Assuriyawa suka ci Samariya suka kwashe mutanenta.

Kudu kuwa, Yahuza, gidan Dawuda ta riƙe sama da shekara 300 bayan rabuwar. Sau ɗaya aka kusa rasa shi, lokacin da Ataliya, uwar sarkin da ya mutu, ta karkashe ƴaƴan sarauta ta yi mulki shekara shida. Gwaggon wani jariri, Yowash, ta sace shi ta ɓoye a Haikali, wato ɗakin ibadar da Sulaimanu ya gina, aka fito da shi aka naɗa shi yana ɗan shekara bakwai. Na ƙarshensu Zadakiya ne. A 586 Nebukadnezzar na Babila ya rushe Urushalima, aka kashe ƴaƴan Zadakiya a gabansa, aka ƙwaƙule masa idanu, aka tafi da shi Babila cikin sarƙa.