Amsa ga 'yar uwa mai tambaya kan kwas ɗin da ƙaninta zai cike a JAMB

Wa alaikumus salam 'yar uwa, na ga kin ce ƙaninki yana son harkar ƙwallo amma kuma yana son aikin lafiya da koyar da yara, ya rasa wanne zai cike. Gaskiya ni a ganina ya ɗauki PHE kawai, nan ne ake haɗa ilimin motsa jiki da wayar da kai kan lafiya, kuma akwai shi a Unijos ƙarƙashin tsangayar ilimi, ABU Zariya da BUK ma duk suna yi. Shekara 4 ne ta JAMB, in kuma yana da NCE irin ta kwalejin ilimi ta Pankshin sai ya shiga ta DE, wato shiga kai tsaye, ya fara daga aji biyu.

Amma fa a gaya masa tun yanzu, in burinsa shi ne ya riƙa duba 'yan wasa in sun ji rauni a fili to wannan aikin masu fizyo ne, shi kuma sai da Fiziks da Kemistiri da Bayoloji kuma makin shiga yana da tsauri, kar ya je aji uku yana cewa da na sani. In koci yake son zama kuwa, bayan digiri zai iya zuwa NIS, wato cibiyar horar da harkar wasanni ta ƙasa, a Legas.

Kwas na renon yara ƙanana kuwa jami'ar karatu daga gida ta NOUN na yi, amma dai wallahi albashin makarantun kuɗi a nan Jos sai haƙuri. Me ya samu a WAEC tukuna?