Sisin kwabo da sauran tambayoyinku kan kuɗin da

Wani ɗalibi daga Gusau ya rubuto yana cewa, Malam, kullum kakata sai ta ce ba ta da ko sisin kwabo, shin kwabo shida take nufi?

A'a ɗana, ba kwabo shida ba ne, kuma wannan kuskuren na ji shi har a bakin masu aikin rediyo, abin yana ci min rai. Sai ka fara sanin lissafin tukuna. Kuɗin da Turawan Ingila suka zo mana da shi ba goma-goma ake ƙirga shi ba, kwabo 12 ne sule ɗaya, sule 20 fam ɗaya, ka ga kenan fam guda kwabo 240 ne. Sisi kwabo 6 ne, wato rabin sule daidai. To da Bahaushe ya saba da sisi a matsayin rabi sai ya ɗauki kalmar ya ɗora wa kwabo, sisin kwabo ya zama rabin kwabo, wanda kuma ake kira ɗari. Kakarka tana cewa ne ko rabin kwabo ba ta da shi, kai kuma ka ninka mata arziki har sau goma sha biyu. Da kwabo shida take nufi ai da sisi kawai za ta ce ta huta, me zai sa ta jawo kwabo ta jingina?

Kuma kada a raina wannan sha biyun. Yara yanzu suna dariya wai lissafin wahala ne, alhali mai tallan ƙosai da ba ta taɓa shiga aji ba tana yin sa a ka. Sule yana rabuwa biyu ya ba ka sisi-sisi, ya rabu huɗu ya ba ka taro-taro, mutum uku su raba kowa kwabo huɗu babu rigima. Gwada raba naira goma tsakanin mutum uku ka gani. Taro da sisi idan an haɗa su ne ake cewa nai, kwabo 9, kwabo ɗaya da rabi kuma ahu. Su kansu Ingila sai ranar 15 ga Fabrairu 1971 suka bar wannan tsari, mu kuma muka bi baya ranar 1 ga Janairu 1973, fam ɗaya ta koma naira 2, sule ya koma kwabo 10. Nan ne sisi ya rage daraja a baki ya zama kwabo 5, shi ya sa 'yan bayan 73 suke gardama da iyayensu, kowa kuma da gaskiyar zamaninsa.

Wata baiwar Allah daga Zariya: sule na kuɗi yana da alaƙa da sunan Sule?

Babu. Wancan Sulaimanu ne aka gajarta, wannan shilin na Turawa ne baki ya tauna. Jam'insa sulalla.

Wani malamin firamare ya ce ya ga tsohon rasit na mahaifinsa an rubuta 2/6, a wani wurin kuma 6d, me d ɗin take yi a nan tunda babu ita a sunan kwabo ko da Turanci?

Na farkon sule biyu da sisi ne. Ita kuwa d daga denariyus take, kuɗin Rumawa, Turawa suka riƙe harafin suka yar da sunan. Daga wannan kalmar Larabawa suka samu dinari, mu kuma muka samu zinariya a hannunsu. Adana rasit ɗin nan Malam, kar yara su naɗe gyaɗa da shi.

Daga Maraɗi an tambaya: ku a Najeriya dala nawa ce a da, don mu a nan tamma biyar ce?

Sule biyu, wasu su ce fataka. Taku ta Nijar ta bi lissafin Faransa ne, inda tamma take nufin faran ɗaya.

Sai mai tambaya kan anini, wai me ya haɗa shi da soja?

Anini shi ne autan kuɗin, goma ne suke yin kwabo ɗaya, kuma a Ingila ba su da shi sam, ƙaraminsu rubu'in kwabo ne. Don ƙasashenmu aka buga shi, saboda mutanen da suka saba cefane da wuri kwabo ya yi musu girma. Ɗan ƙarami ne mai huji a tsakiya da tauraro a jiki, ana zira shi a zare. Da aka ga ɗan ƙarfen da ke kafaɗar hafsa sai aka ce anini, aka ce wane mai anini biyu ne, haka ma maɓallin riga. Abin da ban so shi ne masu rubuta "ko aninai ba ni da shi", in za ka nuna babu ai tilo ake kamawa, ko anini.

Na ƙarshe, wai "ana samun taro da sisi" kwabo tara ake samu?

Haba dai. Ɗan abin rufin asiri yake nufi, ba ya so ka san nawa ne.