Tsaka Mai Zanen Damisa Ta Yar da Wutsiya: Me Mai Kiwo Zai Yi?

Tambaya: Ina kiwon tsaka mai zanen damisa a akwatin gilashi. Yarona ya riƙo ta ta wutsiya, sai wutsiyar ta guntule tana wutsil-wutsil a ƙasa. Za ta rayu kuwa?

Amsa: Kwantar da hankalinka, malam, za ta rayu. Wannan dabarar tsere wa maƙiyi ce da Allah Ya hore mata tun a mazauninta na asali, busassun wurare masu duwatsu na Afganistan, Pakistan, Iran da arewa maso yammacin Indiya. Ƙashin wutsiyar yana da wuraren rabuwa, kuma da zarar ta tsinke jijiyoyin jini suke tsukewa. Shi ya sa ba ka ga jini sosai ba.

Ni ba raunin ne ya fi damuna ba. Wutsiyar nan mai kauri ita ce rumbunta, a nan take tara kitsen da take dogara da shi idan abinci ya yanke. Yanzu rumbu ya tafi, ga kuma aikin gina sabo. Don haka ka ƙara mata ci: gyare, ƙananan kyankyasai da tsutsotsin kiwo, kullum ko bayan kwana ɗaya, maimakon sau biyu ko uku a mako da ake ba babba. Kafin ka miƙa mata ƙwarin, ka ciyar da su ganye da karas, sannan ka barbaɗa musu garin kalsiyam mai bitamin D3. In ta ƙi ci a kwanakin farko, firgici ne, kada ka ɗura mata. Amma duk gyaren da ta bari ka cire shi kafin dare, domin gyare mai yunwa yakan ciji ɗanyen rauni, kuma masu kiwo da yawa ba sa lura da wannan.

Kwashe yashi ko ƙasar da ke cikin akwatin yau ɗin nan, ka shimfiɗa farar takardar goge hannu, kana canzawa duk lokacin da ta ɓaci. Yashi yana manne wa rauni, farar takarda kuwa za ta nuna maka ɗigon jini ko mugunya. In tana da abokiyar zama, a raba su. Ɓangaren akwatin mai ɗumi ya tsaya a digiri 30 zuwa 32 na Selshiyas, mai sanyi wajen 24 zuwa 26, domin ba ta narkar da abinci sai da ɗumi. Ruwa mai tsabta kada ya yanke. Sannan a daina ɗaukarta na makonni, yaron ma a lallashe shi ya riƙa kallo daga waje.

Tambaya: In shafa mata magani a wurin?

Amsa: Yawanci ba sai an shafa komai ba, tsabta ta wadatar. Ka guji sifirit na goge rauni da duk man shafawa mai kashe zafi, suna iya cutar da ita. In ka ga kumburi, wari, mugunya, ko wurin yana baƙi, ko ta yi mako biyu ba ta ci ba tana ramewa, kai ta wurin likitan dabbobi da ya san masu rarrafe.

Tambaya: Tawa ta fito da sabuwar wutsiya, amma gajera ce, mulmulalliya, ba irin ta da ba. Ciwo ne?

Amsa: A'a, hajiya, haka take fitowa. Da fari za ki ga ɗan tsiro ja-ja mai laushi, ya yi ta girma har cikin wata ɗaya zuwa biyu. Cikinta guringuntsi ne, ba ƙashi ba, shi ya sa ba ta da zobban nan na asali kuma zanenta ya bambanta. Tana tara kitse kamar ta farko. Ki dai ajiye mata maɓoya mai danshi, domin lokacin saɓa tsohuwar fata kan maƙale a kan sabon tsiron. In ta maƙale, ki jiƙa auduga da ruwan ɗumi ki dangwala a hankali har ta saki, kada ki ja.