Amsa kan ƙwan Legbar: abin da za ka duba kafin ka tura kuɗi

(An rubuta wannan ne daga saƙon murya da wani dattijo mai kiwon kaji a Garwa ya tura zauren masu kiwo, saboda waɗanda wayarsu ba ta buɗe murya.)

Assalamu alaikum jama'ar zaure, barkanmu da yamma, ya zafi? To madalla. Ƙanena na Marwa, na ji saƙonka. Ka ce wani daga Duwala ya yi maka tallan ƙwan kajin Cream Legbar, ya turo hoton ƙwai shuɗi, ya ce na asali ne ba gauraye, kuma ranar da suka ƙyanƙyashe za ka ware maza da mata da idonka. Kana tambaya ko gaskiya ne, kuma ta yaya za ka tabbatar. Ka yi haƙuri, muryar za ta ɗan yi tsawo.

Batun ware maza da mata tun ranar farko gaskiya ne, ba zuƙi ba. Wasu masana biyu ne a Kambirij ta Ingila, Reginald Punnett da Michael Pease, suka fara wannan aiki. Ta farko da suka fitar ita ce Cambar, an nuna ta a babban taron kaji na duniya a Landan a 1930. Daga baya suka haɗa Leghorn mai ruwan ƙasa da Plymouth Rock wake-wake, aka sami Legbar. Wannan Cream ɗin da kake so, an ƙara mata jinin wata kaza ta ƙasar Cili, daga nan ta samo ƙwai shuɗi da ɗan tukku a ka, aka amince da ita a matsayin iri mai zaman kansa a 1958.

Yadda abin yake aiki, ka saurara da kyau, don nan duka maganar take. Ƙwayar gadon da ke sa gashi ya yi wake-wake, zakara yana iya ɗaukar ta biyu, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba. Kaza kuwa ɗaya tak take iya ɗauka, kuma daga ubanta take samu, uwa ba ta ba ta. Wannan ƙwayar tana kashe duhun launi. To mai biyu zai fi mai ɗaya haske, ka gane? Shi ya sa tsako namiji yake fitowa fari-fari, zanen bayansa ya dusashe, ga babban tabo mai haske a tsakar ka. Ta macen kuwa ta fi duhu, zanen bayanta ya fito raɗau, ga baƙin layi ya ja daga gefen ido kamar an sa mata kwalli. In ma akwai tabo a kanta, ɗan mitsitsi ne. In jinin na gaske ne, yaro ɗan shekara 10 ma zai ware maka su.

Yanzu ga inda ake cin kuɗin mutane. Akwai wasu kajin da su ma ake gane jinsinsu ranar ƙyanƙyasa, amma ruwa biyu ne. Jajayen kajin ƙwai ɗin nan da ake kawo mana daga kudu, irin su ISA Brown da Lohmann Brown, haka suke: mace ja, namiji fari. Ko ka haɗa jan zakara Rhode Island da kaza wake-wake, 'ya'yan su fito baƙaƙe, maza ne kawai da farin tabo a ka. Wannan yana yi, amma sau ɗaya. In ka haɗa 'ya'yan da junansu, jikoki sai su fito barkatai, ja ya zama namiji, fari ya zama mace, lissafi ya watse. Legbar ta asali kuwa, ɗa da jika da tattaɓa-kunne duk alama ɗaya. Saboda haka ƙyanƙyasar farko ba ta isa shaida ba, sai ta biyu ta gaskata ta.

Shi kuma ƙwai shuɗin da aka turo maka hotonsa, ƙanena, kada ya ruɗe ka. Ƙwayar gadon shuɗin ƙwai mai rinjaye ce. Kazar da rabin jininta kawai Legbar ne, ita ma za ta yi maka ƙwai shuɗi, ko kore in ɗaya rabin daga mai jan ƙwai ne. Tukku ma haka, yana bin ɗa ko da ta ɓangare ɗaya ya zo. Kenan mutum zai iya nuna maka kaza mai tukku tana ƙwai shuɗi, alhali rabin jininta na wata ce can daban. Kuma ba kullum mugunta ba ce. Wani mai sayarwar shi ma haka aka sayar masa, wani kuma kajinsa na asali ne amma yana sakinsu tsakar gida, zakaran maƙwabta ya tsallako katanga. Ko takarda ya nuna maka, takarda ba ta hana zakara tsallake katanga.

Ni da ni ne, abin da zan nema a wurinsa kafin in tura ko sefa ɗaya: bidiyon iyayen a cikin kejinsu, in ga ko zakara iri ɗaya ne a ciki, in ga ko kejin a rufe yake ta sama. Ƙafa ta zama rawaya ba gashi a jikinta, fatar kunne fara, zankon zakara miƙaƙƙe guda ɗaya, ƙirjin kazar da ɗan ja-ja. Sannan bidiyon 'yan tsakinsa na kwana ɗaya, dukkansu a kwali guda, ba guda biyu masu kyau da ya zaɓo ba. In ka ga da yawa a tsaka-tsaki, ba su yi haske ba ba su yi duhu ba, shi kansa yana juya su yana “wannan kamar mace ce”, to ka riƙe kuɗinka.

In kuma ka riga ka saya, akwai gwajin da ba ya buƙatar ɗakin bincike. Zakaran za ka gwada, don shi ne rabin garken, kuma ta wurinsa kaɗai 'ya'ya mata suke samun wake-waken. Ka nemo baƙar kazar Hausa, baƙa wuluk. Ka killace ta ita kaɗai kamar mako 3 zuwa 4, domin kaza tana ajiye irin zakaran da ya taɓa hawa ta a jikinta har sama da mako 2, wannan mutane da yawa ba sa lissafa shi. Sannan ka sa mata zakaran naka. In yana ɗauke da ƙwayar biyu, duk 'ya'yan, maza da mata, za su girma da wake-wake. In ɗaya yake da ita, kusan rabi za su fito ba zane. Ka bari su kai 10 kafin ka yanke hukunci. Zakara mai ƙwaya ɗaya ya ba ka 10 duka masu zane, sau 1 ne cikin 1024. Waɗancan 'ya'yan gwajin ka yi miya da su ko ka sayar a matsayin kajin gida, amma don Allah kada ka kira su Legbar a kasuwa, ta haka ne irin yake lalacewa a hannun jama'a.

Sai maganar hanya, wadda ni ta fi damuna a kan ta jini. Ƙwai daga Duwala zuwa Yawunde, ya kwana a jirgin ƙasa zuwa Ngaundere, ya hau mota ya sauko dutse zuwa Garwa, sannan Marwa. Jijjiga ke nan ga zafi. Ƙwan ƙyanƙyasa in ya wuce kwana 7 da haihuwa ƙarfinsa yana raguwa, kuma a zafinmu na Maris da Afrilu da ke haura 40, ɗan cikin yana fara motsi tun a kwali, ya mutu kafin ya iso. Ka bari sai Disamba ko Janairu. In ya iso ka ajiye shi kwana ɗaya, tsinin ƙasa, kafin ka sa. Kuma da yadda wuta take ɗaukewa, na fi yarda da kazar Hausa mai kwanci a kan inji, sai dai in kana da sola. Kwana 21 ne dai. Ita Legbar ba ta cika kwanci ba, halin Leghorn ta gado, don haka za ka daɗe kana buƙatar tamu ta gida. In mai sayarwar ya ce daga waje zai shigo maka da ƙwan, ka tambayi izinin MINEPIA, wato ma'aikatar kiwon dabbobi ta Kamaru. Marwa ɗinku aka fara ganin murar tsuntsaye a ƙasar nan a 2006, ba abin wasa ba ne.

Hajiya ta sako tambaya kan Bielefelder ta Jamus. Ita ma ana gane ta ranar farko, ƙwanta ja ne babba, amma kaza ce mai jiki, zakara yana kai kilo 4, ga gashi. Ngaundere da sanyinta, to, da sauƙi. Garwa ko Kuseri kuwa zan tausaya mata. Legbar ta fi ta rashin nauyi, zafi bai cika kayar da ita ba in akwai inuwa da ruwa.

Abu na ƙarshe, ƙwai dozin ɗaya daga zakara ɗaya ba iri ba ne, 'yan uwa ne uba ɗaya. Shekara biyu, uku kana haɗa wa da ƙanwa, sai ka ga ƙwai ba ya ƙyanƙyashewa, tsaki suna fitowa da karkatattun yatsu. Ga shawarata: in mutum uku a zauren nan suna so, kowa ya saya daga hannu daban, a ɗaura wa tsaki zare mai launi a ƙafa tun ranar farko, a rubuta a littafi wanda muka ce namiji ne da wadda muka ce mace ce, bayan mako 6 zuwa 8 a duba ko mun ci. Duk shekara sai mu yi musayar zakaru. Kuma rigakafin cutar kaji ta Niyukasil kafin hunturu, LANAVET, cibiyar gwamnati mai haɗa rigakafin dabbobi, tana nan Bokle kusa da mu, ba sai an je nesa ba.

Ƙanena, ka ce masa ya turo bidiyon nan biyu, ka sako su a zaure mu duba tare. An kira magariba, sai anjima. Wassalamu alaikum.